In Danna Ko In Bari?

A gidan yayana ba a yin barcin rana da sakin jiki. Duk wanda ya miƙe a doguwar kujerar falo ya saki baki ya yi shiru, to ya kuka da kansa, don yana iya buɗe ido ya ga ƙaton mutum durƙushe a kansa, yana jijjiga masa kafaɗa yana cewa, "Kana ji na? Kana ji na?" Ni ma ya taɓa yi mini. Na ce masa ina jin sa, unguwa ma tana jin sa, kuma in ya sake tashi na daga barci, shi za a ɗauka a motar tasa.

Motar asibiti yake tuƙawa. Mutanen unguwa sun sa masa suna Jiniya, wasu na cewa saboda motar ne, amma ni da muka tashi ɗaki ɗaya na san saboda maƙogwaronsa ne. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, kuma tun ina rarrafe muke faɗa. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidansa, titi ne kawai tsakaninmu. Don haka duk abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko shi ya ba ni labarin har na haddace ba da son raina ba.

Shekarar da asibiti ya tura direbobinsa horon taimakon gaggawa, a shekarar zaman lafiyarmu ya ƙare. Abokan aikinsa sun je sun ci abincin rana sun dawo da takardar shaida sun rataye a bango. Shi kuwa ya dawo kamar an aiko shi. An koya masa cewa in zuciyar mutum ta tsaya, ana iya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi ba tsayawa, don jini ya ci gaba da zagayawa kafin a kai ga likita, wani lokaci ma zuciyar ta tashi. Daga ranar, Yaya ya daina ganin mutane a matsayin mutane, sai ƙirazan da ba a danna ba tukuna.

Matasan kai na gidan ne suka fara shan wuya. Kafin wata ya zagayo duk sun lotsa a tsakiya, ba wanda ake iya kwana a kai. Ya koya wa 'ya'yansa, ya koya wa maƙwabta, ya koya wa mai karanta mitar wuta wanda ya shigo aikinsa kawai bai san hawa ba bai san sauka ba. Baƙo ba ya shan ruwa a gidan sai ya durƙusa ya nuna abin da ya iya. Ni da na gwada, sai ya ce dannawata kamar ta mai lallashin kyanwa, in tashi kada in ɓata masa matashi.

Wadda ta fi kowa iyawa ita ce matarsa, wadda nake kira Matarmu don in ba ta haushi. Mace ce mai jiki, mai damtse, in ta matse wanki ba sai ya daɗe a igiya ba. In ta durƙusa ta miƙe gwiwar hannu ta fara, sai ka ji tausayin matashin. Yaya yakan tsaya a kanta yana washe baki kamar shi ya ƙera ta.

Gaskiya dai a faɗe ta, ya yi amfani. Akwai mai walda da wuta ta ja, akwai wata mata da ta faɗi a tashar mota, duk suna nan da ransu har yau. In aka yabe shi yakan ce, "Ni ba na rayawa, Allah ke rayawa, ni dannawa kawai nake." Amma yana faɗa yana hura hanci, kuma sai ya tabbata kowa ya ji.

Sai abin Baba Mai Rediyo ya faru. Tsoho ne da rumfarsa ke jikin shagona, ya shekara da shekaru yana gyaran rediyo, har zamani ya wuce sana'ar ya bar shi a zaune. Ciwo ya daɗe yana cin sa a ciki, ya rame har rigarsa ta koma kamar ta aro, amma kullum sai ya fito ya zauna cikin tarkacensa. Wata rana da tsakar rana na ji rediyon da yake gwadawa ya faɗo ƙasa. Na leƙa, na gan shi kife a kan teburi. Na ƙwala wa Yaya kira. Yana cin abinci a lokacin, ya fito ba takalmi, hannunsa ko wankewa bai yi ba. Ya kwantar da tsohon a ƙasa ya hau dannawa. Ina tsaye na ji wani ƙara kamar ana karya busasshen kara, na ji kuma ya sake, Yaya bai tsaya ba. Can sai tsohon ya ja numfashi.

Unguwa ta ɗauka. Sati guda Yaya yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ba. Tsohon kuwa ya daɗe a asibiti da roba a maƙogwaro, sannan aka dawo da shi gida da karyayyen haƙarƙari, ba ya iya tari, ba ya iya juyawa, ba ya iya zama. Yaya ya sa kayansa mafi kyau, ya fesa turare, ya ce in raka shi dubiya. Na san godiya zai je karɓa, shi ya sa na bi shi, don in rage masa ita a hanyar dawowa.

Muka yi sallama, 'yar tsohon ta shigar da mu. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Wa ya aike ka?"

Yaya ya waiwayo ya dube ni, ya zaci ruɗin ciwo ne. Ya ce, "Baba, ni ne Jiniya. Ni ne na..."

"Na san ko kai wane ne, ga shaidarka nan a ƙirjina. Na ce wa ya aike ka? Na gama shirina, na nemi gafarar kowa, na kama hanya lafiya lau ba inda ke mini ciwo, ka zo ka finciko ni ta haƙarƙari. Yanzu sai na sake tafiyar daga farko. Likitana ya san ba na so, yarinyar nan ta sani. Kai kaɗai ne ba ka tambaya ba."

"Baba, ai ba ka cikin halin da za a tambaye ka."

"Shekara nawa kana tsayawa a rumfata kana cika mini kunne da labarin motarka? Duk lokacin nan ina cikin halin da za a tambaye ni."

Na shirya tsokana iri-iri don hanyar gida, amma da na ga fuskar Yaya sai na haɗiye su. Tsohon ya ƙara 'yan watanni, ba wata rana mai daɗi a cikinsu. Yaya bai fasa zuwa gaishe shi ba, shi kuma bai fasa juya masa ƙeya ba. Sai dab da ƙarshe ya yafito shi da hannu ya ce, "In na sake faɗuwa, ka zauna ka ƙarasa abincinka." Yaya ya ce to. Wannan ne sulhun da suka yi.

Wani mutum da ya ji irin wannan, sai ya yi sanyi ya rage rawar kai. Yayana ba ya yin abu rabi. Ya yanke shawara ba zai sake taɓa ƙirjin wanda ya sani ba sai ya ji ta bakinsa tun yana da lafiya. Don haka ya shiga tambaya. Kana zaune a kujerar aski, kumfa a haɓarka, sai ka ji murya a bayanka: "Malam, in zuciyarka ta tsaya ina kusa, in danna ko in bari?" Ya tambayi mahauci yana sara, ya tambayi mai faci yana ƙarƙashin mota. Wata mata ta zo gwaji shagona, ina tsakiyar auna mata kafaɗa ya leƙo ya jefa mata tambayar, ta bar mini atamfarta da mayafinta ta fice, har yau ban sake ganinta ba.

Na ce masa, "Yaya, mugun baki za a ce kana da shi."

Ya ce, "Gara a ce ina da mugun baki da a ce ina da mugun hannu."

Amsoshin da ya samu sun isa a yi ta dariya. Mai aski ya ce a danna ko da ƙafa ne. Mahauci ya ce a danna shi, sannan ya rage murya ya ce shi zai amsa wa surukarsa, Yaya ya ce ita ma bakinta na nan. Mai shayi kuwa amsarsa na canjawa gwargwadon yadda suka kwana da matarsa, har Yaya ya kafa doka cewa wanda ya amsa cikin fushi bai amsa ba, sai an sake tambayarsa bayan ya ci ya ƙoshi. Ni na ce ya danna, ya karya duk abin da ya ga dama, ɗinkin mutane na jira na. In kuma aiki ya kai shi kan wanda bai sani ba, ba ya tsayawa tunani. "Wanda ban tambaya ba dannawa zan yi," in ji shi, "in ya tashi ya zage ni."

Amma na lura da wani abu daga ƙofar shago. Tsofaffin da suka fi zaginsa a gaban mutane, su ne ke jan sa gefe daga baya. Sai ka ga sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, shi da ba ya iya raɗa ya koma sai gyaɗa kai. Wasu har gida yake raka su, ya zauna a gefe, su faɗa wa 'ya'yansu da bakinsu, sannan ya ce su faɗa wa likitansu ma. Ashe mutane da yawa na ɗauke da maganar, ba wanda ya taɓa ba su ƙofa.

Haka aka yi ta tafiya har ya yi ritaya, 'ya'yan suka watse kowa da gidansa, ya rage daga shi sai Matarmu. Bai daɗe da ajiye makullin mota ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya zama in ya tsallako titi zuwa shagona sai ya dafa ƙofa ya huta kafin ya fara tsokanata. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, magani zai riƙe ta iya abin da zai iya. Ni ba kumburin ne ya tsorata ni ba. Ranar da na wuni ina ɗinki ban ji muryarsa daga cikin gida ba, ranar na tsorata.

Wata rana na kai masa wandunan da na buɗe wa ƙafa don kumburin. Matarmu ta fita sayen cefane. Yana zaune a kujera an tokare shi da matasai, ina durƙushe ina gwada masa, sai abin ya faɗo mini. Mutumin nan ya tambayi unguwa kaf, ni ban taɓa jin an tambaye shi ba. Na cire allurar da ke bakina na ce, "Yaya, kai fa? A danna ko a bari?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "A bari, Auta." Ya ce sun yi maganar da likitansa, ba ɓoye-ɓoye. Zuciya irin tasa in ta tsaya da wuya ta tashi, in ma ta tashi, 'yan kwanaki ne a jikin na'ura, ba magana, ba sanin wanda ke kansa. "Na san abin da hannu ke yi wa ƙirjin tsoho," in ji shi. "Da nawa hannun na yi."

Na daure na ce, "To Matarmu ta sani?"

Ya hau sosa ƙeya. Na san wannan sosar tun muna yara, ita yake yi in ya fasa wani abu ya ɓoye.

"Ta riga ki tambaya. Ita na ce mata ta danna."

"Ka ce mata me?"

"Ba ki ga yadda ta tsaya ba ne. Tana riƙe da ludayi, idonta ya kawo ruwa, tana jira. Na buɗe baki in ce a bari, sai na ji bakin ya ce danna."

Ranar na manta ba shi da lafiya. Na ce kai da ka hana gari sakat, ka kori mini masu ɗinki, ka shiga gidajen mutane kana koya musu faɗin gaskiya, a naka gidan ka kasa? Ya sunkuyar da kai yana ji. Da na gaji ya ce, a hankali, in ranar ta zo bai faɗa mata ba, ni in riƙe ta.

"Ni? Ka dube ni, ka dube ta. Da yatsa ɗaya za ta ajiye ni a bayan ƙofa. Yau ɗin nan zan gaya mata."

"Ba maganarki ba ce, Auta. Ƙirjina ne, bakina ne zai faɗa. Ki bar ni in sami fuska."

Na fita ina huci, amma na san ya fi ni gaskiya a wannan. Maganar in ta fito daga bakina, ƙanwar miji ce ta zo tana cewa a bar mijinta ya mutu.

Tun daga ranar na koma mai gadi. Na ce rufin shagona na yoyo, alhali ko gajimare babu, na kinkimo keken ɗinkina na dasa a falonsu. Daga nan nake ganin irin shirin da Matarmu ke yi, kuma shirin ya isa ya hana mutum barci. Ta fitar da teburin tsakiyar falo don a sami wurin kwantar da shi. Ta naɗe kafet, don ta ce ƙasa mai tauri ake so. Ta cire warwaronta, ta yanke farce, ta daina zuwa kasuwa mai nisa. In ya yi gyangyaɗi ya daɗe bai motsa ba, sai in ga ta ajiye abin da take yi tana kallon ƙirjinsa, ni kuma ina kallon ta. Har na fara ƙara loma, ina ɗaga dutsen guga sama da ƙasa in ba kowa, wai ko damtsena zai taso.

Kullum da safe in na shigo sai in tambaye shi da ido, shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau aka saka shi. Wata rana na ce masa, "Mai tsoron mata." Ya ce, "Ba tsoronta nake ba."

Ina wasa da abin, amma tsoro nake ji, kuma ta fuska biyu. In ta danna, ya farka a jikin na'ura da karyayyen ƙirji, ni zai nema da ido, ni da na sani. In kuma na hana ta, za ta rayu tana ganin ni na tsaya tsakaninta da ran mijinta. Shekarun da muka yi muna tsokanar juna, ita ta riƙe ni lokacin da na haihu, ita ta riƙe ni lokacin da na rasa nawa mijin. Ban san wanne zan iya ɗauka ba a cikin biyun.

Ranar da abin ya zo, ba na falon. Da hantsi ne, na tsallaka shago in ba wata mata ɗinkinta, tana ta ƙorafin wai hannun rigar ya matse. Sai na ji an kira ni daga ƙofar gidan. Ba ihu ba ne. "Auta," kawai, sau ɗaya, sannan labulen ya koma. Na bar matar da rigarta a wuya na tsallaka titin ban duba mota ba. Ina gudu ina tsara yadda zan faɗa mata ta baya in rungume ta, in ya so ta jefar da ni.

Na tarar da Yaya kwance a ƙasa, a wurin nan da ta share masa. Ta sa masa matashi a ƙarƙashin kai, ta gyara masa riga. Ƙirjinsa ba ya motsi. Ita kuma tana gefensa a zaune, ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, gumi na zuba daga goshinta kamar mai ɗauke da kaya.

Na tsaya a bakin ƙofa, na rasa abin yi da duk ƙarfin da na tara.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya gaya mini, Auta. Na kuma yi masa alkawari." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma hannayen nan ba su yi ba. Zo ki riƙe mini su."

Na durƙusa a gabanta. Ta zaro su ta ba ni, na kama da duk ƙarfina. Suna fizgewa suna nufar ƙirjinsa, ina dawo da su, tana taya ni, muna yi masa addu'a muna kuka. Maƙwabta sun taru a ƙofa, wani ya tafi kiran likita. Mu dai muna nan a ƙasa kusa da shi, ban sake ta ba sai da na ji sun daina ja.